Juan Manuel Fangio: Yaron garejin da ya zama zakaran tseren motoci na duniya sau biyar

Duk matashin da ke bibiyar gasar tseren motoci ta Formula 1 a talabijin ko a waya ya san Lewis Hamilton da Max Verstappen, wataƙila ma ya ji labarin Michael Schumacher. To tun kafin a haifi ko ɗaya daga cikinsu, an yi wani mutumin Ajantina mai suna Juan Manuel Fangio, wanda ya lashe kambun duniya sau biyar tsakanin 1951 da 1957. Sai da aka yi shekara 46 kafin Schumacher ya zarce wannan adadi a 2003. An saka sunansa a tsere 52 na gasar duniya, ya ci 24, wato kusan rabi ke nan, kuma har yau babu zakaran da ya kamo shi ta wannan lissafi.

Amma ni ba lissafin ne ya fi ɗaukar mini hankali ba. Verstappen yana ɗan shekara 17 ya fara Formula 1, Hamilton yana da 22. Shi kuwa Fangio ranar da aka buɗe gasar duniya ta farko a 1950 saura 'yan makonni ya cika 39. Shekarun da wasu suka yi suna koyon tsere a Turai, shi a ƙarƙashin mota ya yi su, sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu. Kuma a ganina abin da ya koya a can shi ya ba shi nasara, shi ne kuma ya sa ya tsufa a sana'ar da ta cinye yawancin abokan gwagwarmayarsa.

An haife shi ranar 24 ga Yuni, 1911 a Balcarce, wani ƙaramin garin manoman dankalin Turawa a lardin Buenos Aires. Iyayensa 'yan asalin Italiya ne, mahaifinsa ɗan ci-rani ne da ya yi aikin gona da na gini. Fangio bai yi nisa a boko ba. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya zama yaron gareji: sharar wuri, wanke kayan inji, miƙa wa maigida sifana. A nan ya koyi tuƙi, ta hanyar matsar da motocin masu kawo gyara. Ƙwallo ma ya buga sosai, kuma a fili ne aka laƙaba masa El Chueco saboda ƙafafunsa sun ɗan lanƙwashe kamar baka. Sunan ya bi shi har kabari. Da ya je aikin soja na dole, sai kwamandansa ya ɗauke shi direba, bayan ya dawo kuma ya buɗe garejinsa.

Tsere a Ajantina ta wancan lokaci ba irin wanda muke gani yanzu ba ne a kan kwalta mai santsi. Motocin gida ake ɗauka, Ford ko Chevrolet, a cire musu duk wani nauyi, a ƙara tankin mai, a saki direbobi su bi ta gari-gari a kan hanyar burji da laka. Direba da makanikinsa kaɗai ne a mota. In wani abu ya karye a dokar daji, ku za ku sauka ku gyara, in ba ku iya ba to tserenku ya ƙare a nan. Mutanen Balcarce ne suka yi karo-karo suka saya wa Fangio Chevrolet, kuma da irin wannan mota ya shiga babban tseren 1940, daga Buenos Aires zuwa Lima ta ƙasar Peru a dawo. Tafiyar ta kusa kilomita 10,000, ta tsaunukan Andes da ƙasar Bolibiya, inda iska ke yi wa mutum da inji ƙaranci. Kusan mako biyu ana abu ɗaya: tuƙi da rana, gyara da dare. Fangio ya zo na ɗaya. Ya zama zakaran Ajantina a 1940 da 1941, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin taya da mai, aka dakatar da tsere, shi kuma ya koma cinikin manyan motoci da tayoyi.

Duk wanda ya san cewa shi zai kwana yana gyara abin da ya fasa, ba sai an ce masa ya tausaya wa inji ba. Wannan ɗabi'a Fangio ya tafi da ita Turai. Ba ya son cin tsere da tazara mai yawa. In ya shiga gaba, sai ya rage wuta daidai yadda na baya ba zai kamo shi ba, ya lallaɓa giya da birki har a kai ƙarshe. Yana jin ciwon mota tun kafin ta faɗi, kuma makanikai suna son sa, don yana zama da su a gareji har dare, yana kuma ba su wani kaso daga kuɗin da ya ci.

Sai dai kafin Turai akwai wani dare da bai taɓa mantawa da shi ba. A watan Oktoban 1948, a tseren Buenos Aires zuwa Caracas, yana tuƙi cikin duhu da hazo a arewacin Peru, ga gajiya ga rashin barci, sai wata kwana ta ƙwace masa. Motar ta wuntsila, abokin tafiyarsa Daniel Urrutia ya faɗo waje ya mutu. Fangio ya yi tunanin barin tsere gaba ɗaya. Bai bari ba. A 1949 ƙungiyar masu motoci ta Ajantina, da tallafin gwamnatin Juan Perón, ta tura shi Turai, ya ci tsere shida a Italiya da Faransa. Nan take kamfanin Alfa Romeo ya ɗauke shi.

Ya kamata mai karatu ya san irin motar da ake magana. Injin a gaba yake, tankin mai a bayan direba, tayoyin sirara, birkin irin na da ne mai saurin yin zafi. Babu bel ɗin ɗaure jiki. Hular kwano ma sai 1952 aka wajabta ta, kafin nan hular fata ko ta yadi ce da tabarau. A gefen hanya bishiyoyi ne da ramuka da turakun waya, in an kyauta a jera dammunan ciyawa. A haka motar ke kusantar kilomita 300 a awa ɗaya, kuma tsere guda yakan ɗauki awa uku.

A Monako a 1950 aka fara ganin irin idon da mutumin nan yake da shi. Hanyar tseren tana bin bakin teku, sai igiyar ruwa ta fantsamo kan kwalta a wata kwana da ake kira Tabac. A zagayen farko motoci tara suka yi karo a wurin suka toshe hanya. Fangio yana gaba, bai san abin da ya faru a bayansa ba. Da ya zagayo yana dosar kwanar da gudu, sai ya lura da wani abu: shi ne na ɗaya, ya kamata a ce 'yan kallo shi suke kallo, amma maimakon fuskoki sai ƙeyoyi yake gani, kowa ya juya yana leƙen gaba. Sai ya taka birki tun kafin ya ga komai, ya lallaɓa ya ratsa ta tsakanin tarkacen, ya je ya ci tseren. Kambun shekarar dai abokin aikinsa Giuseppe Farina ne ya ɗauka, amma a 1951 Fangio ya karɓe shi bayan ya ci tseren ƙarshe a Sifaniya.

Sai 1952, shekarar da ya karya dokar kansa. Ya yi tsere a Ireland ta Arewa ranar Asabar, kuma ya yi alkawarin zai yi wani a Monza ta Italiya washegari Lahadi. Da ya iso Paris bai samu jirgin da zai ƙarasa da shi ba. Maimakon ya haƙura, sai ya ari mota ya kwana yana tuƙi ta cikin tsaunuka, ya isa Monza saura kamar rabin awa a fara. Ko gwajin hanya bai yi ba, aka sa shi a layin ƙarshe. A zagaye na biyu ya yi kuskuren da a ranar da ya yi barci ba zai yi ba. Motar ta daki gefen hanya ta tashi sama, ta watso shi waje, ya karye a wuya. Shekarar ta tafi a jinya, wuyan kuma bai sake juyawa sosai ba har ƙarshen rayuwarsa. In ka duba, manyan haɗurra biyu da ya yi a rayuwarsa, na Peru da na Monza, duk ba rashin gwaninta ba ne. Gajiya ce.

Mutane da yawa sun ɗauka ya gama, tunda ya haura 40. Ya dawo a 1953 da Maserati ya zo na biyu a bayan Alberto Ascari, ya kuma ci tseren Monza ɗin da ya kusa kashe shi. Daga nan shekara huɗu a jere babu wanda ya sake taɓa kambun sai shi.

A 1954 ya fara da Maserati ya ci tsere biyu, sai Mercedes-Benz ta kammala sabuwar motarta W196, ya koma can ya ƙara huɗu. A wannan shekara ne yaronsa Onofre Marimón, ɗan ƙasarsu da ya ɗauka kamar ƙane, ya mutu a wajen gwaji a Jamus. Washegari Fangio ya shiga mota ya ci tseren.

Tseren Ajantina na Janairun 1955 kuwa azaba ce tsagwaronta. Zafi ya kai wajen digiri 40, direbobi suna ta sauka suna miƙa wa wasu motocinsu saboda jiri. Fangio ya yi awa uku cur shi kaɗai, alhali ƙafarsa tana gugar wani ƙarfe da salansa ya gasa. Ya ci tseren, ya kuma fita da ƙunar da tabonta bai ɓace ba. Wata biyar bayan haka, ranar 11 ga Yuni, yana cikin tseren awa 24 na Le Mans a Faransa lokacin da motar abokin aikinsa Pierre Levegh ta hau bayan wata ta tashi ta tarwatse cikin 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu, haɗari mafi muni a tarihin tseren motoci. Fangio yana daf da bayan Levegh, ya wuce ta wata 'yar kafa da ƙyar. Cikin dare Mercedes ta janye motocinta, a ƙarshen shekara kuma ta bar tsere baki ɗaya, bayan Fangio ya ci mata kambu na biyu, wanda shi ne nasa na uku.

A nan akwai abin da masu suka ke faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba: Fangio ba ya zama da kamfani don kara. Duk inda mota mafi kyau take, nan za ka same shi a shekara mai zuwa. Shi ya sa kambunsa biyar suka fito daga kamfanoni huɗu, Alfa Romeo da Maserati da Mercedes da Ferrari, abin da babu wanda ya sake yi. Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, bai taɓa sakin jiki da shi ba, shekara ɗaya tak suka yi tare kuma ba su rabu da daɗi ba. Ni dai ina ganin sanin motar da za ta yi nasara tun kafin a fara kaka shi ma wani ilimi ne, kuma makaniki ya fi kowa shi. Sannan ai kamfanonin ba sadaka suke yi ba, su ma shi suke nema.

Kambun 1956 kam, gaskiya da taimakon wani ya same shi. A tseren ƙarshe a Monza wani ƙarfen sitiyarinsa ya karye, ya dawo ya zauna a gefe. A lokacin doka ta yarda direba ya karɓi motar abokin aikinsa su raba maki. An nemi Luigi Musso ya ba da tasa, ya ƙi. Sai ga Peter Collins, wani Bature ɗan Ingila mai shekara 24, wanda shi kansa yana da damar zama zakara a ranar. Ya tsaya a duba masa taya, ya ga Fangio a tsaye, kawai sai ya fito ya miƙa masa motar ba tare da an roƙe shi ba. Lissafinsa shi ne yaro ne, yana da sauran shekaru a gaba. Fangio ya zo na biyu a bayan Stirling Moss, ya ɗauki kambu na huɗu.

To sai ranar 4 ga Agusta, 1957, a Nürburgring ta Jamus. In za a ba da labarin tsere ɗaya kawai daga rayuwar Fangio, wannan ne.

Hanyar ta ratsa daji da tuddai, zagaye ɗaya kilomita 22.8 ne, da kwana fiye da 170, kuma sau 22 za a zagaya. Fangio ya koma Maserati, yana da shekara 46. Manyan abokan hamayyarsa su ne Mike Hawthorn da Collins ɗin nan da ya ba shi mota bara, dukansu a Ferrari. 'Yan Ferrari sun cika tanki, za su yi tseren ba tsayawa. Tayoyin Maserati ba za su kai ƙarshe ba, don haka aka tsara Fangio ya tashi da rabin tanki, motar ta yi sauƙi, ya ba da tazara, sannan ya tsaya a tsakiya a ƙara mai a canza tayoyin baya.

Rabin farko ya tafi yadda aka tsara. Ya shigo wurin makanikai da tazarar kusan daƙiƙa 30. A nan aka kwafsa. Notin da ke riƙe taya ya suɓuce wa makaniki ya gangara ƙarƙashin mota, aka yi ta lalube. Kafin Fangio ya koma hanya, Hawthorn da Collins sun wuce, sun ba shi kusan daƙiƙa 50, ga shi zagaye goma ma ba su rage ba. Yana kan gaba a maki da nisa, na uku ma ba zai cutar da shi ba. Fangion da aka sani zai lallaɓa ne ya kai motar gida.

Da farko kamar hakan zai yi. Ya yi tafiya a hankali sabbin tayoyin suka zauna, mutanen Ferrari suka ga tazarar ba ta raguwa, suka ɗaga wa direbobinsu allo cewa su kwantar da hankali. Ka tuna babu rediyo a mota a lokacin. Direba ba ya samun labari sai ya zo wucewa ta gaban mutanensa, a wannan hanya kuwa sau ɗaya ke nan cikin minti tara da wani abu. Kafin allo na gaba ya gaya musu gaskiya, Fangio ya riga ya ci wani babban yanki na tazarar.

Abin da ya yi shi ne, kwanar da ya saba shiga da giya ta uku sai ya shige ta da ta huɗu, wuraren da yake ɗaga ƙafa daga totur sai ya daina ɗagawa, har motar tana tashi sama a kan tuddai. Zagaye bayan zagaye yana karya tarihin gudun hanyar. A zagaye na 20 ya yi minti 9 da daƙiƙa 17.4, wato ya fi lokacin da shi kansa ya yi a gwajin neman layin gaba da daƙiƙa takwas. A na 21 ya wuce Collins, can gaba ya matse Hawthorn ta cikin kwana, tayoyinsa biyu a kan ciyawa, ya shige. Ya ci da tazarar daƙiƙa 3.6. Hawthorn da Collins suka zo suna taya shi murna kamar su suka ci.

Kambu na biyar ke nan, kuma har yau shi ne mafi tsufa da ya taɓa zama zakaran duniya. Amma shi bai ɗauki ranar a matsayin abin da zai maimaita ba. Ya faɗa daga baya cewa ya yi kwana biyu bai iya barci ba, in ya rufe ido sai ya riƙa ganin kwanonin nan, kuma ya san bai taɓa tuƙi haka ba, ba zai sake ba. Bai sake ɗin ba kuwa. Wannan ce nasararsa ta ƙarshe a gasar duniya.

A Fabrairun 1958 sunansa ya shiga jaridu ta wata hanya dabam. Ya je Havana don tseren da gwamnatin Fulgencio Batista ta shirya domin nuna wa duniya cewa Kyuba lafiya lau take. Ana gobe tsere, wani ɗan tawaye daga ƙungiyar Fidel Castro ya tare shi da bindiga a harabar otal ɗin Lincoln, aka tafi da shi. Ba kuɗi suke so ba, so suke su kunyata Batista. Sun ba shi haƙuri, sun ba shi abinci da wurin kwana. Aka yi tseren ba shi, kuma ba a yi nisa ba wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo ta kashe mutane, aka tsayar. Bayan awa 29 suka miƙa shi ga jami'an jakadancin Ajantina. Bai taɓa nuna yana riƙe da su a zuci ba.

Tserensa na ƙarshe a Reims ta Faransa ya yi shi, ranar 6 ga Yuli, 1958, a hanyar da ya fara tsere a Turai shekara goma kafin nan. Motar ba ta da ƙarfin Ferrari, kulocinta ma ya lalace a hanya, ya ƙare na huɗu. Hawthorn da ke kan gaba ya iso bayansa daf da layin ƙarshe, yana iya wuce shi ya ba shi tazarar zagaye guda cur, sai ya rage gudu ya bar dattijon ya riga shi tsallake layi. A wannan tsere Musso ya mutu. Fangio ya fito daga mota ya gaya wa makanikinsa cewa ya gama. Wata ɗaya bayan haka Collins, wanda ya ba da motarsa don yana ganin yana da sauran lokaci, ya mutu a Nürburgring yana da shekara 26. Hawthorn ya zama zakaran 1958, ya yi ritaya, ya mutu a haɗarin mota a kan titin Ingila a Janairun 1959. Cikin mutum ukun da suka hau dandamali a Jamus ranar 4 ga Agusta, wanda ya girme su da kusan shekara ashirin shi kaɗai ya rage.

Ya koma gida ya ci gaba da harkar motoci, ya zama shugaban kamfanin Mercedes-Benz na Ajantina a 1974. A 1986 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Balcarce, inda aka ajiye kofunansa da motoci, har da irin Chevrolet ɗin da ya faro da su. Ya mutu a Buenos Aires ranar 17 ga Yuli, 1995 yana da shekara 84, aka kai shi Balcarce aka binne. Cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa akwai Jackie Stewart da Stirling Moss.